Awon Gudun Jini a Ƙwaƙwalwar Yara Masu Sikila: Abin da Kano Ta Yi da Sakamakon

Idan aka ce shanyewar ɓarin jiki, yawancin mutane dattijo mai hawan jini ne yake faɗo musu a rai. Amma a ɗakunan jinyar yara na Kano da Kaduna akwai masu wannan lalura da ko shekara goma ba su cika ba. Yara ne masu sikila, waɗanda suka gaji SS daga uwa da uba. Yaro ya wuni yana wasa lafiya lau, ya kwanta barci, gari ya waye hannunsa ɗaya ba ya ɗaguwa, yana jan ƙafa, baki ya karkace, magana ta ƙi fita. A gidaje da yawa abin da ake fara cewa shi ne iska ce ta taɓa shi. Kafin a yanke shawarar zuwa asibiti an yi kwanaki, ɓangaren ƙwaƙwalwar da jini ya daina isa gare shi kuwa ya riga ya mutu.

Abin ba ƙarami ba ne. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 1998, ya nuna cewa a cikin yara ɗari masu SS, kimanin 11 ne suke gamuwa da shanyewar ɓarin jiki kafin su cika shekara 20, kuma an fi samun ta tsakanin shekara biyu zuwa tara. Wanda ta taɓa kama shi, in ba a ɗauki mataki ba, sau da yawa tana dawowa. Ga shi babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan haihuwar masu sikila, ana ƙiyasta kusan jarirai 150,000 a kowace shekara. To, akwai awon da yake iya nuna yaron da yake bakin wannan rami tun bai faɗa ba. An san shi tun shekarun 1990. Abin da ya rage shi ne me za a yi da sakamakonsa a garin da ba a iya yi wa yaro ƙarin jini duk wata, kuma wannan ita ce tambayar da likitocin Kano suka tunkara.

Inda jijiyar take tsukewa

Manyan jijiyoyi huɗu ne suke kai wa ƙwaƙwalwa jini. Biyu suna bi ta cikin ƙashin wuya ta baya. Biyun gaba su ne ake kira karotid, waɗanda mutum zai ji bugunsu idan ya ɗora yatsa a gefen maƙogwaro. Kowace karotid tana rabuwa biyu a ƙasan muƙamuƙi: reshe ɗaya ya tafi fuska da fatar kai, ɗayan ya shige cikin ƙoƙon kai, a can ya sake rabuwa zuwa jijiyar tsakiya da ta gaba. Jijiyar tsakiyar nan ita ce take ciyar da wuraren da suke juya hannu da fuska da harshe. A gindin ƙwaƙwalwa kuma akwai wasu ƙananan jijiyoyi da suka haɗa na hagu da na dama da na baya kamar zobe, ta yadda idan hanya ɗaya ta toshe jini zai iya zagayowa ta wata, gwargwadon yadda halittar mutum ta ba da dama.

A jikin babban mutum mai hawan jini, ko ciwon suga, ko mai shan taba, tsukewar takan faru ne a wuya, daidai inda karotid ta rabu. Kitse da daskararren abu ne suke taruwa a bangon jijiyar. Wannan wuri yana kusa da fata, shi ya sa na'urar sikanin irin ta masu juna biyu take ganinsa sarai. Likitocin hoto suna da ƙa'idar da suka yi ittifaƙi a kai a 2003: idan ƙololuwar gudun jini a wurin ta haura santimita 125 a daƙiƙa, ana zaton rabin hanyar ko fiye ya tafi, idan ta haura 230, tsukewar ta kai kashi 70 cikin ɗari ko fiye. Kuma akwai magani na kai tsaye, domin likitan fiɗa yana iya buɗe jijiyar ya kankare abin da ya taru. Gwajin da aka yi a Amurka da Kanada, wanda aka bayyana a 1991, ya nuna cewa ga masu tsukewa mai tsanani da suka fara nuna alamu, fiɗar ta rage haɗarin shanyewa a cikin shekara biyu daga kashi 26 zuwa kashi 9.

Na yaro mai sikila daban ne. Wuyansa galibi lafiya lau yake. Ɓarnar tana can cikin ƙoƙon kai, a ƙarshen karotid ta ciki da farkon jijiyar tsakiya da ta gaba, inda sikanin wuya ba ya gani kuma wuƙar likita ba ta isa cikin sauƙi. Ba kitse ne yake jawo ta ba. Jajayen ƙwayoyin jini da suka lanƙwashe suna manne wa bangon jijiya suna goge shi. Suna kuma saurin fashewa, abin da yake fita daga cikinsu yana cinye sinadarin da yake sa jijiya ta saki jiki ta buɗe. Shekara da shekaru ana haka, sai bangon ya yi kauri daga ciki, hanya ta matse. A lokaci guda kuma yaron yana fama da ƙarancin jini, don haka zuciya take ƙara turo jini da sauri domin ƙwaƙwalwa ta samu iskar da take buƙata. Jijiyoyin sun riga sun buɗe iyakar buɗewarsu tun yaron yana zaune ƙalau. Ranar da zazzaɓin cizon sauro ko ciwon ƙirji ya ƙara rage masa jini, babu sauran abin da za a ƙaro.

Yadda ake awon

Ƙa'idar da awon ya dogara a kanta tsohuwa ce. Masanin nan ɗan Ostiriya, Christian Doppler, ya bayyana ta a 1842: sautin da ya bugi abu mai tafiya ya dawo, amonsa yana canzawa gwargwadon saurin abin. Idan aka harba sautin da kunne ba ya ji zuwa cikin jijiya, ƙwayoyin jini za su mayar da shi, na'ura kuma ta lissafa gudunsu. Matsalar ita ce ƙashin kai yana tare sautin. Sai a 1982 Rune Aaslid, ɗan Nowe, ya nuna cewa idan aka yi amfani da sauti mai ƙaramin amo, aka kuma bi ta inda ƙashin ya fi sirantaka, za a iya jiyo jijiyoyin gindin ƙwaƙwalwa. Wurin yana gefen kai, gaban kunne, sama kaɗan da ƙashin kunci. Wannan shi ne awon Dofla na kai, wanda ya samo sunansa daga Doppler.

Abin da yake nema a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa ban ruwa da tiyo: ka danne bakinsa da babban yatsa, ruwan zai fita da ƙarfi fiye da da, ba don ya ƙaru ba sai don ƙofar ta matse. Haka jini yake ƙara gudu inda jijiya ta tsuke.

Ana kwantar da yaron rigingine, mai awon ya zauna ta wajen kansa. Ya shafa masa ɗan mai mai sanyi a gefen kai, ya ɗora wani ƙaramin abu mai kama da murfin kwalba, ya riƙa karkata shi a hankali har sai sautin jini ya fito daga na'urar, yana tashi yana sauka tare da bugun zuciya. Daga nan sai ya bi jijiyar daga waje zuwa ciki, yana ƙara zurfi milimita biyu-biyu, yana rubuta gudun a kowane mataki, har ya kai inda karotid ta rabu. Ya gama dama ya koma hagu. Babu allura, babu zafi, babu hasken da yake cutarwa, kuma galibi a cikin rabin awa an kammala. Amma aikin yana da sharuɗɗan da mai gaggawa zai iya tsallakewa, kuma idan ya tsallake su lambar da zai rubuta ƙarya ce. Ba a yi wa yaron da yake cikin zazzaɓi ko ciwon sikila ya tashi masa, domin gudun jininsa ya ƙaru na ɗan lokaci. Ba a yi wa wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, domin nasa ya sauka. Ba a so ya yi kuka, saboda numfashi da sauri yana sa jijiyoyin kai su tsuke gudun ya ragu. Ba a kuma so ya yi barci, saboda barci yana ɗaga lambar. Shi ya sa za ka ji mai awon tana cewa uwar, Mama, ki riƙa yi masa hira a hankali, kada ki bari ya yi gyangyaɗi. Uwa tana riƙe da ƙafar ɗanta tana tambayarsa sunayen 'yan ajinsu, ita kuma ma'aikaciyar idonta yana kan allo.

Lambar da ake nema ita ce matsakaicin gudu mafi girma da aka samu a ɗaya daga cikin jijiyoyin. A lafiyayyen babban mutum takan tsaya wajen santimita 60 a daƙiƙa, a lafiyayyen yaro wajen 90, a yaro mai sikila kuwa wajen 130 saboda ƙarancin jini. Ƙasa da 170 ana ɗaukarsa daidai, sai baɗi a dawo. Daga 170 zuwa 199 tsaka-tsaki ne, ana sake awo bayan 'yan watanni. Daga 200 zuwa sama shi ne haɗari, kuma ana maimaita awon ba da jimawa ba don a tabbatar. Akwai wani tarko a nan da ya kamata mai awo ya sani. Jijiyar da ta kusa toshewa gaba ɗaya ba ta nuna gudu mai yawa, jinin da yake ratsa ta ɗan kaɗan ne. Don haka lamba mai ƙanƙanta ƙwarai, ƙasa da 70, ko babban bambanci tsakanin hagu da dama, ba abin murna ba ne, abin sake bincike ne.

Robert Adams da abokan aikinsa a garin Augusta na jihar Jojiya su ne suka nuna, a 1992, cewa wannan lamba tana hasashen shanyewa a yara masu sikila. Daga nan aka shirya gwajin da aka sa wa suna STOP. An auna yara kusan dubu biyu, aka samu kusan ɗaya cikin goma gudun jininsu ya kai 200. Aka raba 130 daga cikinsu gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu ana yi musu ƙarin jini kusan duk wata, wasu ana ba su kulawar da aka saba. A cikin 67 da ba a yi wa ƙarin jini ba, 11 suka samu shanyewa. A cikin 63 da ake yi wa, ɗaya kaɗai. Ragin ya kai kashi 92 cikin ɗari, har sai da aka dakatar da gwajin kafin wa'adinsa, domin ci gaba da hana rabin yaran jini ya zama zalunci. An buga sakamakon a 1998. Gwaji na biyu, wanda ya fito a 2005, ya tambaya ko za a iya daina ƙarin jinin bayan lambar ta sauka, amsar kuwa ba ta yi daɗi ba: da aka daina, lambar ta sake hawa a yara da yawa, wasu kuma suka samu shanyewa.

Inda abin ya cije a nan gida

Ga magani an samu, amma magani ne na ƙasar da take da ma'ajiyar jini cike a kullum. Manufar ƙarin jinin ita ce a riƙe kason jinin sikila a jikin yaro ƙasa da 30 cikin ɗari, kuma hakan yana nufin leda bayan leda, wata bayan wata, shekara bayan shekara. Duk wanda ya taɓa neman jini a asibitocinmu ya san yadda ake yi: a ce a kawo 'yan'uwa su bayar, ko a biya wani ya bayar, a yi kuɗin gwaji, a yi kuɗin leda. Sau ɗaya ma magidanci yana jin jiki, balle sau goma sha biyu a shekara. Sannan kowace leda tana shigowa da sinadarin ƙarfe da jiki ba ya iya fitarwa, yana taruwa a hanta da zuciya, sai an haɗa da wani magani mai tsada da zai wanke shi. Jikin yaron yana iya fara ƙin jinin wasu mutane, samun wanda ya dace ya ƙara wuya. Ga kuma fargabar ciwon hanta da ƙanjamau idan tantancewa ta yi rauni. Iyaye da yawa idan aka gaya musu haka sai su ce a'a, kuma ba rashin son ɗansu ba ne.

To, ina amfanin sayo na'ura a auna yaro, a ce wa mahaifinsa, Malam, ɗanka yana cikin haɗari, sannan a sallame shi hannu rabbana? A ganina awon da babu magani a bayansa bai ƙara wa iyaye komai ba sai zullumi. Wannan ne ya sa nake ganin abin da aka yi a Kano ya cancanci a rubuta shi, domin ba na'urar suka fara tambaya a kai ba, abin da zai biyo bayanta suka fara nema.

Maganin da suka duba shi ne haidiroksiyuriya. Ba sabo ba ne. Asalinsa na wasu cututtukan jini da ciwon daji ne, sai aka gano yana sa ɓargo ya koma ƙera irin jinin da jariri yake da shi tun yana cikin mahaifa, wanda ba ya lanƙwashewa. Idan wannan ya yawaita a cikin ƙwayoyin jini, sukan daɗe ba su fashe ba, jinin yaro ya ɗan ƙaru, fararen ƙwayoyin da suke taimaka wa mannewa su ragu. Gwajin da aka yi wa manya a Amurka ya nuna a 1995 cewa yana rage tashin ciwon sikila. Likitocin Asibitin Koyarwa na Ibadan sun lura cewa yana sauke gudun jinin ƙwaƙwalwa a yaran Najeriya. A 2016 wani gwajin Amurka ya nuna cewa yaran da suka shekara ana yi musu ƙarin jini, kuma jijiyoyinsu ba su lalace ƙwarai ba, za a iya mayar da su kan wannan magani. Amma babu wanda ya gwada farawa da shi tun daga tushe, ba tare da ƙarin jini ba sam, a wurin da ba a iya yin gwajin jini duk sati biyu don daidaita yawan maganin.

Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ciki har da Najibah Galadanci da Shehu Umar Abdullahi, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt a Amurka, suka fara da ƙaramin gwaji mai suna SPIN. Tambayoyinsa na ƙasa-ƙasa ne, kuma su ne masu muhimmanci. Iyaye za su yarda a auna 'ya'yansu? Idan lambar ta yi sama za su karɓi maganin? Za su riƙa ba da shi kullum, su riƙa dawowa asibiti duk wata? Amsar duka ukun ta zama e, da rinjaye mai yawa. An ba yaran ma'auni ɗaya tsayayye, kimanin miligiram 20 a kowane kilo na nauyinsu a rana. Wato yaro mai kilo 25 zai sha miligiram 500, ƙwaya ɗaya ke nan. A cikin wata uku gudun jinin yawancinsu ya fara sauka, kuma ba a ga maganin ya durƙusar da ɓargonsu yadda ake tsoro ba.

Sai babban gwajin, SPRING, wanda aka yi a Asibitin Aminu Kano da Asibitin Murtala Muhammad a Kano, da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna. An ɗauki yara 220 masu shekara 5 zuwa 12 waɗanda lambarsu ta kai 200, daga 2016 zuwa 2018. Ƙuri'a ta raba su: rabi suna shan miligiram 10 a kowane kilo, rabi suna shan 20, kuma daga likitan har iyayen babu wanda ya san wanne yaro yake sha. Bayan an bi su fiye da shekara biyu, uku suka samu shanyewa a rukunin ƙaramin ma'auni, biyar a rukunin matsakaici. Bambancin bai wuce abin da sa'a za ta iya kawowa ba, sai aka tsayar da gwajin. An buga sakamakon a farkon 2022. Idan aka lissafa shi a shekara, haɗarin ya tsaya tsakanin ɗaya da biyu cikin ɗari, alhali a yaran Amurka da ba a yi wa ƙarin jini ba a gwajin 1998 ya kai kusan 10 cikin ɗari. Inda ma'aunan biyu suka bambanta shi ne kwanciyar asibiti: masu shan 20 sun fi ƙarancin kwanciya.

Ya kamata a faɗi iyakar wannan hujja, domin ƙara mata gishiri zai cutar da ita. Babu rukunin da aka bari babu magani a gwajin Kano, kuma daidai ne da ba a bari ba, tunda an riga an san abin da yake samun irin waɗannan yara. Amma hakan yana nufin kwatancin da yaran wata ƙasa ne na shekaru ashirin da suka wuce, ba da maƙwabtansu ba. Ba a kuma gwada maganin kafaɗa da kafaɗa da ƙarin jini ba, don haka babu wanda zai ce sun yi daidai. Yara takwas sun shanye duk da suna kan magani, kuma kowane ɗayansu ɗan wani ne. Abin da za a iya cewa da gaba gaɗi shi ne, tsakanin a bar yaro haka da a ba shi ƙwaya ɗaya a rana, tazarar tana da faɗi ƙwarai. Ƙungiyar likitocin jini ta Amurka ta yarda da wannan tun a jagorarta ta 2020, inda ta ce a ƙasashen da ƙarin jini na kullum ba zai yiwu ba, a ba yaron da lambarsa ta yi sama haidiroksiyuriya, aƙalla miligiram 20 a kowane kilo.

Daga bincike zuwa layin asibiti

Bincike da yawa yakan mutu ranar da kuɗinsa ya ƙare. Abin da ya burge ni a wannan shi ne tun ana cikin gwajin aka fara shigar da awon cikin aikin yau da kullum na asibitocin jiha, irin su Murtala da Asibitin Yara na Hasiya Bayero, inda talakawa suke kai 'ya'yansu. An horar da ma'aikata, an auna dubban yara. Gwamnatocin Kano da Kaduna da Katsina suka ɗauki alƙawarin ba da maganin kyauta ga yaran da aka samu cikin haɗari, kuma ya taimaka da yake ana haɗa maganin a cikin Najeriya. A Kaduna, Halima Bello-Manga da abokan aikinta sun bi wata hanya da nake ganin ita ce makomar aikin: koya wa ma'aikatan jinya yin awon. Likitocin hoto kaɗan ne, kuma layin masu jiransu ba ya ƙarewa. Awon Dofla na kai kuwa hannu yake so da kunne da haƙuri, abubuwan da nas mai horo take da su.

Sai dai yaɗuwar tana zuwa da nata haɗari. Na'urori iri biyu ne. Akwai wadda aka yi gwaje-gwajen da ita, mai ba da sauti da zanen gudu kawai. Akwai kuma babbar na'urar sikanin da take nuna hoton jijiyar da launi, wadda ita ce ta fi yawa a asibitoci masu zaman kansu. Ta biyun takan ba da lamba ƙasa da ta farkon da kimanin kashi goma cikin ɗari, shi ya sa wasu cibiyoyi suke ɗaukar 185 a matsayin iyakar haɗari idan da ita aka yi. Wanda bai san wannan ba zai ga 190 ya ce wa iyaye su kwantar da hankalinsu. Haka wanda ya rubuta ƙololuwar gudu maimakon matsakaici, kamar yadda ya saba yi a wuyan manya, zai firgita iyali a banza.

Akwai kuma abin da awon ba ya gani ko a hannun gwani. Wasu yaran ƙananan wurare ne suke mutuwa a cikin ƙwaƙwalwarsu ba tare da hannu ko ƙafa sun nuna ba. Hoton maganaɗisu, wato MRI, shi kaɗai yake kama wannan, kuma binciken ƙasashen waje ya nuna yana samun kusan ɗaya cikin uku kafin su kai shekara 14. Alamarsa a makaranta take fita: yaron da yake ƙoƙari ya fara mantuwa, lissafi ya gagare shi, malami ya ce ya zama malalaci, a gida a yi masa faɗa. Lambar Dofla ta irin wannan yaro tana iya zama daidai. Don haka sakamako mai kyau yana nufin manyan jijiyoyi ba su cikin haɗari a bana, ba ya nufin ƙwaƙwalwa ta tsira daga komai.

Sannan shi kansa maganin yana da abokan gaba a bakin mutane. Uwa za ta karanta takardar cikin kwali, ko wani ya gaya mata maganin ciwon daji ne, ta ajiye. Wani ya ce yana hana haihuwa. Waɗannan tambayoyi ne na gaskiya da ya kamata likita ya zauna ya amsa, ba ya yi tsawa ba. Maganin yana iya rage fararen ƙwayoyin jini, shi ya sa ake gwajin jini lokaci-lokaci. Yana iya rage ƙwayoyin haihuwa na namiji yayin da yake shansa, kuma ba a son mai ciki ta sha. Amma gwajin da aka yi wa ɗaruruwan yara a Angola da Kwango da Kenya da Uganda, wanda ya fito a 2019, ya nuna cewa masu shansa sun samu ragin tashin ciwo da ƙarin jini da mutuwa, har zazzaɓin cizon sauro ya ragu musu maimakon ya ƙaru kamar yadda aka yi fargaba.

A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na rukunin sikila. Mataki ne mai kyau ga waɗanda ba a haifa ba tukuna. Amma waɗanda aka riga aka haifa suna nan, a Rano da Gaya da Ɗambatta, a Damagaram da Maraɗi, da yawansu ba a ma tabbatar da suna da sikila ba sai ranar da aka kawo su jini ya ƙare. Na'urorin awon suna manyan birane, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana uba kawo ɗan da yake gani lafiyarsa ƙalau. Ƙa'idar ta ce a auna duk yaro mai SS sau ɗaya a shekara, daga shekara 2 zuwa 16. Gwajin Kano ya fara ne daga 'yan shekara biyar, alhali haɗarin yana farawa tun kafin nan, kuma kwantar da ɗan shekara biyu na rabin awa babu kuka babu barci aiki ne da yake buƙatar ƙwarewa ta daban. Akwai kuma yaran da za su sha maganin wata shida lambarsu ta ƙi sauka. Waɗannan su ne ya kamata a tattara musu ɗan jinin da ake da shi, kuma sai an sake auna su bayan fara maganin za a gane su.